Shari'a a Bakin Bagade: Hukuncin Allah da Alkawarinsa a Sujadar Littafi Mai Tsarki

Takardar da aka gabatar a taron ƙara wa juna sani kan nazarin Littafi Mai Tsarki

Tsakure

Takardar nan ta bi sawun wuraren da hukuncin Allah yake shigowa tsakiyar taron sujada, tun daga gindin Dutsen Sina'i har zuwa teburin Jibin Ubangiji a Koranti. Abin da take son tabbatarwa shi ne, a Littafi Mai Tsarki masu sujada su ake fara tuhuma, kuma alkawarin da suka ɗauka da bakinsu shi ne hujjar tuhumar. Laifuffukan da ake karanto musu kuwa, akasarinsu a kasuwa da gona da cikin gida aka aikata su.

Allon da aka ajiye a ƙuryar haikali

A shekarar 2009, masu tonon kayan tarihi na Jami'ar Toronto suna aiki a Tel Tayinat, wani tsohon kufai a kudancin Turkiyya kusa da iyakar Siriya, sai suka ci karo da babban allon yumɓu a ƙuryar wani haikalin gumaka. An rubuta shi a shekara ta 672 kafin haihuwar Almasihu (K.H.). Rantsuwa ce da Esarhaddon, sarkin Assuriya, ya ɗora wa gwamnan lardin da ma'aikatansa, cewa za su yi biyayya ga ɗansa Ashurbanifal idan ya gaje shi. Masana sun riga sun san rubutun, domin an tono irinsa a Nimrud ta ƙasar Iraƙi a 1955, D. J. Wiseman kuma ya buga shi a 1958. Abin da ya ja hankali a Tayinat shi ne wurin da allon yake: ɗaki mafi tsarki na haikalin. An kuma huda shi, alamar cewa kafa shi ake yi ko a rataye inda mai shiga zai gani. Wanda ya zo ibada a wannan ɗaki, rantsuwarsa da la'anonin karya ta suna tsaye suna kallonsa.

Al'adar ta girmi Assuriyawa. Tun da Hugo Winckler ya fara tono a Hattusa, babban birnin Hittiyawa, a 1906, an sami yarjejeniyoyi da dama tsakanin babban sarki da ƙananan sarakunan da ke ƙarƙashinsa. Wadda Suffiluliyuma na Ɗaya ya ƙulla da Shattiwaza na Mitanni a ƙarni na 14 K.H. ta yi umarni a ajiye kwafinta a gaban abar bautarsu, a riƙa kuma karanta ta a kai a kai a kunnen sarki da mutanensa. A 1954 George Mendenhall ya nuna yadda tsarin waɗannan takardu ya yi kama da na alkawarin Isra'ila: a fara da ambaton alherin da babba ya yi, a zo kan sharuɗɗa, a kira shaidu, a rufe da albarka da la'ana. Wasu masana, irin su Moshe Weinfeld a littafinsa na 1972, sun ga kamannin sun fi ƙarfi da takardun Assuriya, musamman a Maimaitawar Shari'a sura 28, inda barazanar fari ta zo da siffar sama da ƙasa sun sandare kamar tagulla da baƙin ƙarfe, siffar da take cikin rantsuwar Esarhaddon ma. Muhawarar wace ce ta fi kusa tana nan har yau, kuma ta shafi lokacin da aka rubuta littattafan. Takardar nan ba ta dogara ga nasarar ɗayan ɓangarorin ba. Abin da duka biyun suka yarda da shi ya wadatar: mutumin wancan zamani ya san cewa alkawari abu ne da ake ajiyewa a wurin ibada, a karanta, a kuma tambayi mutum a kansa.

Amma Isra'ila ta yi wa wannan tsari sauyi babba. A takardun sarakuna, gumaka shaidu ne kawai, sarki ne mai alkawarin. A wurin Isra'ila Allah da kansa ne ya ƙulla alkawarin, kuma da jama'a duka ya ƙulla, har da mata da yara da baƙo. Tun da ba wani allah da za a kira shaida, sai aka kira sama da ƙasa. Sharuɗɗan kuma ba su tsaya kan haraji da aika mayaƙa ba. Sun sauko har kan mudun awo da iyakar gona da ladan ɗan ƙodago.

Amin tsakanin duwatsu biyu

Taron sujada na farko da Isra'ila ta yi a matsayin al'umma, kamar yadda Fitowa sura 24 ta ba da labari, taron rantsuwa ne. Musa ya gina bagade da ginshiƙai 12, aka yanka bijimai, ya raba jinin kashi biyu. Rabi ya yayyafa wa bagaden. Sai da ya karanta littafin alkawari jama'a suka amsa za su yi biyayya, sannan ya yayyafa musu sauran. Daga nan dattawa 70 suka hau dutsen tare da shi suka ci suka sha a gaban Allah. Jerin yana da muhimmanci: karatu, amsa, jini, sannan abinci. Cin abincin shi ne inda aka dosa tun farko, sai dai ba a kai gare shi sai an bi ta kan amsar.

Maimaitawar Shari'a sura 27 ta tsara wani taron da ya fi wannan ban tsoro. A kusa da Shekem, inda birnin Nablus yake yanzu, duwatsu biyu suna fuskantar juna, Gerizim mai tsayin kimanin mita 880 da Ebal mai kimanin 940. Kabilu shida a wannan gefe, shida a wancan. Lawiyawa su ɗaga murya su furta la'ana 12, kowace ɗaya jama'a su ce Amin. Idan aka duba jerin da kyau, za a ga yawancinsu laifuffuka ne da alƙali ba ya iya kamawa: ajiye gunki a ɓoye, matsar da iyakar gonar maƙwabci, ɓatar da makaho a hanya, danne haƙƙin baƙo da maraya da gwauruwa, kashe mutum a asirce, karɓar rashawa don a hallaka marar laifi. Kotun ƙofar gari tana buƙatar shaidu biyu ko uku. Wanda ya matsar da dutsen iyaka da tsakar dare ba shi da shaida a kansa. Taron sujada ne ya toshe wannan kafa, domin mai laifin da kansa zai buɗe baki cikin jama'a ya ce Amin ga la'anar da ta dace da shi.

Sura 31 ta ƙara da cewa a karanta Shari'ar gaba ɗaya duk bayan shekara bakwai, a Idin Bukkoki, a shekarar yafe basusuka, a kuma ajiye littafin kusa da akwatin alkawari ya zama shaida a kansu. A Joshuwa sura 24, a Shekem ɗin dai, tsohon jagoran ya yi abin da mai wa'azi ba ya cika yi ba. Da jama'a suka ce za su bauta wa Ubangiji, sai ya ce musu ba za su iya ba. Suka nace. Sai ya sa su amince cewa su ne shaidu a kan kansu, ya kafa dutse a gindin itacen oak ya zama shaida na biyu. Alkawari kaya ne, Joshuwa kuma bai so su ɗauka ba tare da sun jinjina nauyinsa ba.

Mawaƙin da ya zama mai gabatar da ƙara

Inda al'amarin ya fi fitowa fili shi ne Zabura 50, ɗaya daga cikin zabura 12 masu ɗauke da sunan Asaf, shugaban mawaƙan da Dawuda ya naɗa bisa ga 1 Tarihi sura 16. Tana da aya 23. Ta buɗe da Allah yana bayyana daga Sihiyona cikin wuta da hadari, yana kiran sama da ƙasa. Mai sauraro da ya saba da waƙoƙin nasara zai ɗauka an zo hukunta maƙiya ne. Sai a ji waɗanda aka ce a tattaro su ne amintattun da suka ƙulla alkawari da shi ta wurin hadaya, wato mutanen da suke tsaye a farfajiyar Haikalin a daidai wannan lokaci.

Tuhumar kashi biyu ce. Ta farko ba ta ce sun yi sakaci da hadaya ba, hasali ma ta yarda cewa hadayunsu ba sa yankewa. Matsalar tana cikin abin da suke zaton hadayar tana yi. A tsohuwar Mesofotamiya ana ɗaukar hadaya abincin gumaka ce, akwai ma tsohon labarin ruwan tsufana na Babila da ya nuna gumaka sun yi dafifi a kan hadaya saboda yunwa. Zaburar ta tumɓuke wannan tunani daga tushe. Dabbobin jeji da na tuddai duk na Allah ne, ba ya jin yunwa, in ma da zai ji ba mutum zai gaya wa ba. Wanda yake ganin yana ciyar da Allah, a ransa yana ganin Allah na cin bashinsa, kuma zai yi shiru a kan sauran halinsa. Abin da zaburar ta nema a maimakon haka shi ne godiya, da cika wa'adi, da kira gare shi a ranar wahala, wato mutum ya san shi ne mabuƙaci.

Kashi na biyu ya fi zafi. An juya kan wanda ya iya karanto dokoki da ka, alkawari ba ya barin bakinsa, amma abokin ɓarawo ne, yana zama da mazinata, yana ɓata sunan ɗan'uwansa da suka fito ciki ɗaya. Sata, zina, ƙazafi: uku ke nan daga Dokoki Goma, kuma duka ukun sun shafi maƙwabci. Sai zaburar ta tono asalin cutar. Allah ya yi shiru, mutumin ya ɗauka shirun yarda ne, har ya zaci Allah irinsa ne. Wannan ita ce tuhuma mafi nauyi a cikin zaburar, domin tana nufin mutum yana iya yin shekaru yana sujada alhali wanda yake bauta wa hoton kansa ne.

Masana sun yi ta ƙoƙarin gano bikin da ake rera ta. Sigmund Mowinckel, a rubuce-rubucensa na 1921 zuwa 1924, ya danganta irin waɗannan zabura da babban idin kaka, Artur Weiser kuma ya kira shi idin sabunta alkawari. Wasu sun ce an gina hasashe mai yawa a kan hujja kaɗan, kuma sukar tana da ƙamshin gaskiya. Amma akwai hujjar da ba ta buƙatar hasashe. Mishna, wadda malaman Yahudawa suka harhaɗa wajen shekara ta 200 bayan haihuwar Almasihu, ta lissafta zaburar da Lawiyawa suke rerawa kowace rana a Haikali: Lahadi 24, Litinin 48, Talata 82, Laraba 94, Alhamis 81, Juma'a 93, Asabar 92. Ta Talata tana nuna Allah yana tuhumar masu shari'ar son kai da suka ƙi kare maraya da matalauci. Ta Laraba kuka ce a kan masu kashe gwauruwa da baƙo suna cewa Allah ba ya gani. Ta Alhamis tana farawa da ganga da ƙaho, kafin a kai tsakiya ta koma ƙorafin Allah cewa mutanensa sun ƙi saurarensa. Kwana uku a jere a tsakiyar kowane mako, ana miƙa hadaya ana rera waƙar hukunci.

Ya kamata a lura kuma da abin da masu jera Zabura suka sa bayan ta 50. Ta 51 ce, addu'ar tuba da aka danganta da Dawuda bayan annabi Natan ya fuskance shi a kan Batsheba. An karanta ƙara, sai wanda ake ƙara ya amsa laifi ya roƙi sabuwar zuciya. Tsarin ibadar ma haka yake, domin Haikalin da ake rera tuhuma a cikinsa shi ne yake da Ranar Kafara a goma ga wata na bakwai. Hukuncin yana zuwa ne don a gyara zumunci, gyara kayanka kuwa bai zama sauke mu raba ba.

Annabawa a ƙofar Haikali

A 1959 Herbert Huffmon ya yi nazarin wani salo da annabawa suke yawan amfani da shi, inda Allah yake shigar da ƙarar mutanensa. Ishaya sura 1 da Mika sura 6 su ne fitattun misalai: a kira sama da ƙasa ko duwatsu su saurara, a tuna alherin da aka yi, a kawo laifi, a ƙi karɓar ƙarin hadaya a matsayin diyya. A Mika, wanda ake tuhuma har yana ƙara farashi, daga 'yan maruƙa zuwa dubban raguna zuwa ɗan farinsa. Amsar da aka ba shi ta mayar da shi kan adalci da jinƙai da tawali'u.

Amos ya yi nasa wa'azin a Betel wajen shekara ta 760 K.H., zamanin Yerobowam na Biyu, lokacin da mulkin arewa yake cikin wadata kuma wuraren sujada suke cika maƙil. Makiyayi ne daga Tekowa ta kudu. Littafinsa ya fara da jero laifuffukan maƙwabta: Dimashƙu, Gaza, Taya, Edom, Ammon, Mowab, sannan Yahuza. Laifi tudu ne, kuma masu saurarensa sun tsaya a kan nasu suna hango na wasu da jin daɗi, har sai da ya iso kan Isra'ila, inda ya fi daɗewa. Ana sayar da matalauci a kan bashin da bai wuce kuɗin takalmi ba. Ana shimfiɗa rigunan da aka karɓa jingina a kwanta a kansu a gefen bagade, alhali Shari'a ta ce a mayar wa mai riga abarsa kafin faɗuwar rana. 'Yan kasuwa suna ƙosawa Asabar ta wuce su koma rage mudu da sayar da ƙaiƙayi a cikin alkama. A sura 3 ya faɗi abin da ya kife tunaninsu: zaɓen da Allah ya yi musu shi ne dalilin da zai sa ya hukunta su. Amaziya, firist na Betel, ya kai ƙararsa wurin sarki, ya kore shi da hujjar cewa wurin na sarki ne. A 722 K.H. Samariya ta faɗi a hannun Assuriyawa.

Yahuza ta sami damar gyara. A 622 K.H., ana cikin gyaran Haikali, Hilkiya babban firist ya tsinci littafin Shari'a. Shafan magatakarda ya karanta wa sarki Yosiya, sarki ya yage tufafinsa, aka nemi bakin annabiya Hulda, aka tara jama'a aka sabunta alkawari. Amma Yosiya ya mutu a Magiddo a 609, kuma a farkon mulkin Yehoyakim sai ga Irmiya tsaye a ƙofar Haikali yana gaya wa masu shiga cewa ginin ba laya ba ne. Ya ce sun mai da shi maɓoyar 'yan fashi, wurin da ake gudowa a huta bayan an yi ta'asa. Ya tuna musu da Shilo, inda akwatin alkawari ya taɓa zama kuma ta zama kufai. Firistoci da annabawan fada suka nemi a kashe shi. Abin da ya cece shi, bisa ga Irmiya sura 26, shi ne wasu dattawa da suka tuna cewa Mika ya faɗi irin wannan a zamanin Hezekiya ba a kashe shi ba, da kuma kariyar Ahikam ɗan Shafan. Wani annabi mai suna Uriya, da ya yi irin wa'azin, bai tsira ba. Har Masar aka bi shi aka kamo shi.

Labarin da ya fi nuna yadda ake wasa da alkawari yana Irmiya sura 34. Sojojin Babila sun kewaye Urushalima wajen 588 K.H. Sarki Zadakiya da manyan gari suka shiga Haikali suka yi alkawari za su 'yanta bayinsu Ibraniyawa, dokar da aka daɗe da yin watsi da ita. Suka yanka maraƙi suka raba biyu, suka ratsa ta tsakani, ma'ana abin da ya sami maraƙin ya sami wanda ya saɓa. Irin wannan rantsuwa da maraƙi tana cikin rubutun Sefire na ƙarni na 8 K.H. da aka samo kusa da Halab. Da rundunar Masar ta taso Babilawa suka janye na ɗan lokaci, sai masu gida suka bi bayin nan suka sake kamo su. Mutum ya yi tunanin baiwar da ta kwana 'yantacciya, gari ya waye an zo an tasa ƙeyarta zuwa gidan da ta baro. Irmiya ya ce tun da sun ƙi sakin 'yan'uwansu, Allah zai sake su ga takobi da annoba da yunwa. Babilawa suka dawo, birni da Haikali suka ƙone a 587 ko 586. Wannan Irmiyan dai shi ne, a sura 31, ya yi albishir da sabon alkawari wanda za a rubuta a zuciya.

Bayan dawowa daga bautar Babila, al'adar karatu da amsa ta dawo da ƙarfi. Nehemiya sura 8 ta nuna Ezra a kan dakalin katako a dandalin Ƙofar Ruwa, yana karatu tun safe har tsakar rana, Lawiyawa suna fassarawa. Jama'a suka fashe da kuka, shugabanni suka hana su, suka ce a je a ci mai daɗi a aika wa wanda ba shi da shi. Sai ranar 24 ga watan aka dawo da azumi da furta zunubi, aka rubuta yarjejeniya aka buga hatimi, ciki har da yafe bashi a shekara ta bakwai. Jama'ar Kumran ma, waɗanda aka fara gano littattafansu a kogo kusa da Tekun Gishiri a 1947, suna sabunta alkawari kowace shekara, firistoci suna sa albarka, Lawiyawa suna la'ana, jama'a suna amsawa da Amin sau biyu. Sai dai a wurinsu la'anar ta fi karkata ga mutanen waje da masu shigowa da munafunci, wanda hakan ja da baya ne daga inda Amos ya tsaya.

Teburin Koranti

Wasu suna ɗauka Sabon Alkawari ya kawar da wannan duka. Wasiƙar Bulus ta fari zuwa ga Korantiyawa, wadda ya rubuta daga Afisa wajen shekara ta 54, ba ta goyi bayansu ba. A sura 11 ne aka sami rubutaccen labarin Jibin Ubangiji mafi daɗewa, inda aka kira ƙoƙon da sunan sabon alkawari cikin jinin Yesu, maganar da take mayar da mai karatu ga jinin Fitowa 24 da albishirin Irmiya 31. Bulus ya kawo labarin ne a tsakiyar faɗa. A lokacin Jibin cikakken abinci ne a gidan wani mai hali. Masu sukuni suna isowa da wuri su ci su sha har wani ya bugu, bayi da 'yan ƙodago su iso bayan aiki su tarar da wayam. Ɗakin cin abinci na gidan Romawa yakan ɗauki kamar mutum tara a kishingiɗe, shi ya sa Jerome Murphy-O'Connor ya yi hasashen cewa abokan maigida ne a ciki, sauran suna tsakar gida.

Bulus ya ce abin da suke ci bai cancanci a kira shi Jibin Ubangiji ba, kuma mai ci ba tare da ya gane jikin ba hukunci yake ci wa kansa. Har ya danganta rashin lafiya da mutuwar wasu a cikinsu da wannan. Amma ya bambanta hukuncin da hallaka, ya kira shi horo. Umarnin da ya rufe da shi kuma mai sauƙi ne ƙwarai: su jira juna. An daɗe ana karanta gargaɗin nan kamar yana magana ne kawai a kan zunubin da mutum yake ɓoye a zuciya, alhali laifin da ke gaban Bulus shi ne kunyata marasa shi a bainar ikilisiya. Matiyu sura 5 ta riga ta ce mai kawo baiko da ya tuna ɗan'uwansa yana da ƙorafi a kansa ya ajiye baikon ya je su shirya tukuna. Didake, ɗan littafin koyarwa na ƙarshen ƙarni na 1 ko farkon na 2, wanda aka gano kwafinsa a Istanbul a 1873, ya mai da wannan doka: mai rigima da ɗan'uwansa kada ya shiga taron ranar Ubangiji sai sun sulhunta.

Abin da ikilisiyoyi suka yi da gadon

Zabura 95 tana farawa da kiran a zo a yi waƙa da murna, ta ƙare da gargaɗi a kan taurin zuciyar Isra'ilawa cikin jeji a Meriba. Wasiƙar Ibraniyawa ta gina surori 3 da 4 a kan wannan gargaɗi. Littafin addu'ar Cocin Ingila, tun daga 1549, ya sa a karanta ta gaba ɗaya a sujadar safe. Amma da Cocin Efiskofal ta Amurka ta fitar da nata littafin a 1789, sai ta yanke ayoyi huɗu na ƙarshe ta cike gurbin da ayoyi biyu daga Zabura 96. Ɗaya daga cikin ayoyin da aka shigo da su tana maganar zuwan Allah ya hukunta duniya. Wato an bar hukuncin duniya, an cire gargaɗin da ya nufi masu waƙar. John Wesley ya bi wata hanyar. A ranar 11 ga Agusta 1755, a wata majami'a a unguwar Spitalfields ta Landan, ya jagoranci kimanin mutum 1,800 suka sabunta alkawarinsu da Allah bayan kwanaki yana shirya su da koyarwa. Har yau Metodis a ƙasashe da dama, ciki har da Nijeriya da Gana, suna yin wannan sujada a farkon shekara.

Masu bi da suke sujada da Hausa suna da waɗannan nassoshi cikakku a hannunsu tun 1932, kuma akwai wurare biyu da ya kamata a yi hattara. Na farko, nassoshin ba su ba kowa izinin nuna wanda masifa ta faɗa wa ya ce alhakinsa ne ya kama shi ba. A Luka sura 13 an kawo wa Yesu labarin Galilawan da Bilatus ya kashe, shi kuma ya ƙara da mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta rufta wa, ya ce ba su fi sauran laifi ba, ya juyar da kiran tuba kan masu kawo labarin. A yankin da ikilisiyoyi da yawa suka binne 'yan'uwa, suka ga an ƙone gidaje da majami'u, gaya wa gwauruwa cewa zunubinsu ne ya jawo zalunci ne a kan zalunci, kuma irin maganar da aka tsawata wa abokan Ayuba a kanta ke nan.

Na biyu ya shafi horon ikilisiya. A majami'u da yawa, idan aka ji an sa wani a ƙarƙashin horo an hana shi Jibi, kusan kowa ya san laifin na jima'i ne, kuma sau da yawa yarinyar da cikinta ya fito ita ce take ɗaukar kunyar ita kaɗai. Zabura 50 ta ambaci zina, ba ta raina ta ba, amma ta jera ta tare da sata da ɓata suna. Amos ya kawo mudu da jingina, Irmiya ya kawo bayi, Bulus ya kawo rabon abinci. Maimaitawar Shari'a sura 24 ta ce a biya ɗan ƙodago ladansa a ranar kafin rana ta faɗi, ko ɗan ƙasa ne ko baƙo, domin in ya kai kuka ga Ubangiji zai zama zunubi a kan wanda ya sa shi aikin. Majalisar dattawan da take zama kafin ranar Jibi tana da hurumin tambayar mai shagon da yake riƙe albashin yaransa, da mai ba da bashin hatsi da damina ya karɓi ninki da kaka, da wanda ya cinye gonar marayun ɗan'uwansa, ko da kuwa su ne suka fi kowa ba da baiko a ranar godiya.